INA LAIFIN BAƘO RANAR YAƘI?

Bari mu soma da misali. Ga wani mutum ya bar garinsu yana saurayi, ya zo garinku neman abinci. Kuka ba shi wurin zama. Ya kafa sana'a, ya auri 'yarku, ya haifi 'ya'ya, ya biya haraji shekara ashirin, ranar Lahadi kuwa kuna zama a benci ɗaya cikin majami'a. Ana nan sai yaƙi ya tashi tsakanin sarkinku da sarkin garin da aka haife shi. Shi bai ɗauki baka ba, bai ɗauki mashi ba, yana nan bakin sana'arsa kamar jiya. To, me ya kamata sarki ya yi da shi? Ku maƙwabtansa kuma fa?

Wannan tambaya ta sami mutanen Ingila har sau biyu, a 1914 da kuma 1939, sa'ad da suka yi yaƙi da Jamus. Mun zaɓi labarinsu domin su da kansu sun yi gardama a kansa a fili, cikin Majalisa da gaban alƙalai. Kada mai karatu ya zaci sun fi sauran al'ummai laifi, gama Jamus ma ta tara mazan Ingila da ke ƙasarta a 1914, ta tsare su a wani filin sukuwa da a ke kira Ruhleben kusa da Balin.

YAƘIN FARKO

Kafin yaƙin 1914 akwai Jamusawa fiye da 50,000 zaune a Ingila. Galibinsu masu ƙananan sana'o'i ne: masu gasa burodi, mahauta, masu aski, akawuna, da masu raba abinci a otel. Suna da majami'unsu a Landan inda su ke sujada da harshensu. Ran 4 ga Agusta 1914 Ingila ta shiga yaƙi. Kashegari Majalisa ta yi doka, aka ce kowane Bajamushe ya je wurin 'yan sanda a rubuta sunansa, kada kuma ya yi tafiyar da ta wuce mil 5 daga gidansa sai da izini.

Ran 7 ga Mayu 1915 jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ya nutsar da babban jirgin fasinja mai suna Lusitania, mutane kusan 1,200 suka hallaka. Zuciyar jama'a ta ƙuna. A Liverpool da Manchester da Landan taro ya faɗa wa kantunan Jamusawa, aka farfasa tagogi, aka kwashe kaya. Ran 13 ga watan Firayim Minista Asquith ya ba da sanarwa cewa za a tsare dukan mazan da suka isa aikin soja, tsofaffi da mata kuwa a mai da yawancinsu Jamus. Kafin ƙarshen shekarar waɗanda ke tsare sun kai wajen 32,000. Sansani mafi girma shi ne Knockaloe, a tsibirin Man da ke tsakanin Ingila da Ayalan, inda aka tara wajen mutum 23,000 cikin ɗakunan katako, waya mai ƙaya ta kewaye su. Ba a tuhume su da wani laifi ba, ba a kai su gaban alƙali ba, ba a kuma gaya musu ranar fita ba. Wani likita na ƙasar Suwizalan, mai suna Vischer, ya ga yadda zaman banza da rashin sanin ranar fita su ke lalata hankalin mutum, har ya rubuta a kan abin, ya sa masa suna ciwon waya mai ƙaya.

Wahalar ba ta tsaya a kan maza kaɗai ba. Bisa ga dokar Ingila ta lokacin, mace in ta auri baƙo ta zama 'yar ƙasar mijinta ke nan. Saboda haka mace haifaffiyar Landan, wadda ba ta taɓa ganin Jamus ba, ba ta kuwa jin Jamusanci, ta wayi gari an rubuta ta cikin abokan gaba. Akwai gidajen da uba yana bayan waya, ɗansa kuwa yana cikin kayan sojan Ingila. Ba a kau da wannan doka ta aure ba sai 1948. Da yaƙi ya ƙare aka mai da yawancin waɗanda aka tsare Jamus, har a 1919 Jamusawan da suka ragu a Ingila ba su wuce wajen 22,000 ba.

MAI TAKARDA FA?

Akwai waɗansu da suka riga suka rantse za su yi wa Sarkin Ingila biyayya, gwamnati kuwa ta ba su takardar zama 'yan ƙasa. Ai mutum sai ya ce waɗannan sun tsira. Amma ga abin da ya faru. Yarima Louis na Battenberg ya zama ɗan ƙasa, ya shiga sojan ruwan Ingila a 1868 yana ɗan shekara 14, ya yi aiki shekara 46 har ya zama shugaban hafsoshin ruwa duka. A Oktoba 1914 surutun jaridu a kan asalinsa ya sa ya ajiye aiki. A 1915 aka matsa wa masu takarda su rubuta wasiƙu a jarida su sake shaida amincinsu, sai ka ce rantsuwar fari ba ta isa ba. Har Sarki Joji na Biyar ya sake sunan gidan sarauta a 1917, ya bar sunan Jamusanci ya ɗauki Windsor.

Wani ɗan kasuwa mai suna Arthur Zadig, haifaffen Jamus, ya karɓi takardarsa a 1905. A 1915 aka kama shi aka tsare, bisa ga wata ƙa'ida da ta ba minista iko ya tsare ko ɗan ƙasa ne, in dai asalinsa ko hulɗarsa ta abokan gaba ce. Ya kai ƙara, maganar ta hau har kotun ƙoli ta Majalisar Dattawa. A 1917 alƙalai huɗu suka ce gwamnati tana da wannan iko. Ɗaya kaɗai, Lord Shaw, ya ƙi yarda, yana ganin in an buɗe wannan ƙofa ba wanda ya tsira. A 1918 kuma aka yi sabuwar doka wadda ta faɗaɗa ikon gwamnati na karɓe takardar da ta bayar, ta kuma hana ba Jamusawa sabuwar takarda har shekara 10 bayan yaƙi.

YAƘIN HITILA

A 1939 gwamnati ta soma da hanya mafi kyau. Ta kafa ƙananan kotuna wajen 120, aka duba Jamusawa da mutanen Ostiriya ɗaya ɗaya, su wajen 73,000. Waɗanda aka ga ya kamata a tsare ba su kai 600 ba. Fiye da 64,000 aka sallame su ba wani sharaɗi, a cikinsu kuwa wajen 55,000 'yan gudun hijira ne, yawancinsu Yahudawa waɗanda dokokin Hitila na 1935 suka raba da hakkin 'yan ƙasa.

Amma a Mayu 1940 sojojin Jamus suka mamaye Holan da Beljiyam, a Yuni Faransa ta faɗi. Tsoro ya cika Ingila, jita-jita ta bazu cewa 'yan leƙen asiri na ciki ne suka buɗe wa abokan gaba ƙofa. Sai aka ajiye hukuncin kotunan nan, aka shiga kame. Aka tsare wajen mutum 27,000, har da mutanen Italiya bayan ƙasarsu ta shiga yaƙin. Mutumin da ya tsere daga kurkukun Hitila sai ga shi bayan wayar Ingila, wani lokaci ma cikin sansani ɗaya da masu goyon bayan Hitilan. Jamus ta kore shi don shi Bayahude ne, Ingila ta kulle shi don shi Bajamushe ne.

Aka soma tura waɗansu ƙetare. Ran 2 ga Yuli 1940 jirgin Arandora Star, wanda ya tashi daga Liverpool zuwa Kanada cike da tsararru, ya gamu da jirgin ƙarƙashin teku na Jamus, ya nutse, mutane wajen 800 suka mutu, fiye da rabinsu 'yan Italiya. Bayan kwana 8 wani jirgi mai suna Dunera ya tashi zuwa Ostareliya da wajen mutum 2,500. Masu gadi suka wulakanta su, suka sace musu kaya, har daga baya aka gurfanar da waɗansu a kotun soja, gwamnati kuma ta biya diyya.

HUJJAR GWAMNATI

Kada mu yi gaggawar yanke hukunci. Gwamnati tana da hujja, ya kuwa kamata mu saurare ta da gaskiya. Manzo Bulus ya koya mana cikin Romawa 13 cewa daga wurin Allah iko ya ke, an kuma ba mai mulki takobi don amfanin jama'a. Mai mulki da ya bar ƙofar gari a buɗe ranar yaƙi ya ci amana. 'Yan leƙen asiri kuwa akwai su da gaske: a Nuwamba 1914 an harbe wani hafsan Jamus mai suna Carl Hans Lody a Hasumiyar Landan saboda wannan laifi. A 1940 ba wanda ya san ko abokan gaba za su sauka a gaɓar Ingila kafin sabon wata. Mai mulki zai ce, rigakafi ya fi magani; ba ni da lokacin bincika zuciyar mutum dubu saba'in; in na yi kuskure ta wajen tsarewa, mutum ya yi hasarar 'yan watanni, in kuwa na yi kuskure ta wajen sakewa, ƙasa ta tafi. Zai ƙara da cewa tsarewar ta kāre waɗansu daga hannun masu tarzoma.

Littafi Mai Tsarki ma bai ɓoye wannan ba. Cikin 1 Sama'ila 29 sarakunan Filistiyawa sun ƙi Dawuda ya tafi yaƙi tare da su, ko da ya ke Akish ya shaide shi, domin sun ji tsoro kada ya juya musu a tsakiyar fama. Wa zai ce tsoronsu wauta ne?

ABIN DA MU KE GANI

Duk da haka muna ganin kamen jimla bai yi daidai ba, ga kuwa dalilanmu.

Na fari, takobin da Bulus ya ambata an ba da shi ne don mai aikata mugunta. Mugunta aiki ce, haihuwa kuwa ba aikin mutum ba ce, gama ba wanda aka yi shawara da shi a kan garin da za a yanke masa cibiya. Annabi Ezekiyel, cikin sura 18, ya nuna cewa ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba. In ba a ɗora wa ɗa laifin uban da ya haife shi, yaya za a ɗora wa mai gasa burodi laifin sarkin da ya bari shekara ashirin da suka wuce? Mu tuna kuma yadda bautar Masar ta soma. Cikin Fitowa sura ta 1 Fir'auna bai sami Isra'ilawa da wani laifi ba. Abin da ya faɗa wa mutanensa shi ne, watakila in yaƙi ya zo su haɗa kai da abokan gaba. A kan wannan watakila aka gina dukan azabar da ta biyo baya.

Labarin Ingila kansa ya ba da shaida. Lody ɗin nan da aka harbe bai fito daga cikin masu aski da suka rubuta sunansu wurin 'yan sanda ba. Ya shigo ne da fasfo na Amurka da sunan wani. Mai mugun nufi ya kan ɓoye asalinsa, mai gaskiya shi ke zuwa ofis ya rubuta sunansa da unguwarsa, shi ne kuwa ya fi sauƙin kamu. Game da 1940 kuma, mutanen da kotu ta wanke cikin kaka su ne dai aka kama cikin bazara. Ba a sami sabuwar shaida a kansu ba. Tsoron masu mulki ne ya ƙaru, aka sa baƙi suka biya.

Na biyu, takardar zama ɗan ƙasa alkawari ce, alkawari kuwa kaya ne. Baƙon ya rantse, ya bar inuwar tsohon sarkinsa, ƙasa kuma ta ce masa, daga yau kai namu ne. Ranar salama ba wanda ya ke bukatar wannan takarda sosai; ranar wahala aka yi ta dominta. In ta kasa aiki a ranar, to, ashe tun fari ba a ba shi kome ba. Mu duba Joshuwa 9. Gibeyonawa da yaudara ma suka sami alkawarin salama daga Isra'ila, a tsakiyar yaƙi. Da gaskiya ta fito jama'a suka yi gunaguni, amma shugabanni suka ƙi taɓa su, domin sun riga sun rantse da sunan Ubangiji. Bayan shekaru masu yawa Sarki Saul, saboda kishin kabilarsa, ya karya alkawarin ya karkashe su, cikin 2 Sama'ila 21 kuwa mun ga yunwa ta shekara uku ta faɗa wa ƙasar saboda wannan. In Allah ya riƙe alkawarin da aka samu da yaudara haka, balle wanda aka bayar da idanu biyu, da hatimin gwamnati a kansa? Cikin Ayyukan Manzanni 22 shugaban sojoji ya ce da kuɗi mai yawa ya sami zama ɗan ƙasar Roma, Bulus kuwa haifaffe ne. Ba mu ga wurin da aka ce ɗayan rabin ɗan ƙasa ne ba. In mai takarda ya ci amana, a kai shi gaban alƙali da shaidu kamar kowane ɗan ƙasa, gama Littafin Firistoci 24 ya umarta shari'a ɗaya ga baƙo da haifaffen gida.

Na uku, mun yarda akwai ranar da abokan gaba su ke bakin ƙofa, ba lokacin bincike, dole a tsare waɗansu tukuna. Amma mai mulki ya san bashi ya ci, ba horo ya ke yi ba. Sai ya gajarta kwanakin, ya buɗe ƙofar ƙara, ya ciyar da iyalin mutumin, ya tsare masa dukiyarsa, ya raba wanda aka tsananta wa da mai tsananta masa, ya kuma sake shi da zarar an duba maganarsa. Dawuda ya nuna hanya mafi kyau. Ranar da ya ke gudu daga Absalom, ga Ittayi mutumin Gat, garin Goliyat ke nan. Dawuda ya yi magana da shi fuska da fuska, ya ba shi zaɓi, ya ji amsarsa, daga baya ya sa shi a kan sulusin rundunarsa. Ingila ma ta ga amfanin wannan hanya, gama kafin yaƙin ya ƙare 'yan gudun hijira na Jamus da Ostiriya wajen 10,000 sun yi aiki cikin sojojinta, da yawa daga cikinsu kuwa daga bayan waya suka fito.

INA EKKLESIYA TA KE?

Da baƙin ciki mu ke faɗa, a yaƙin farko waɗansu masu wa'azi sun ƙara hura wutar ƙiyayya daga bagade. Amma Allah bai bar kansa ba shaida ba. Tun a Agusta 1914 wata ƙungiyar masu bi da a ke kira Quakers, su kuwa suna kiran kansu Abokai, suka kafa kwamiti don taimakon Jamusawa da ke cikin wahala. Suka kai wa mata da yara abinci da tufafi, suka kai kayan sassaƙa da saƙa cikin sansani don maza su sami abin yi da hannuwansu. Jaridu suka zage su, suka ce masu son abokan gaba ne. Ashe ba abin da Ubangijinmu ya umarta ke nan ba?

A 1940 kuma Bishop George Bell na Chichester, wanda ya riga ya tsaya wa fastocin da suka tsere daga Jamus, ya tarar an kulle waɗansu daga cikinsu. Ɗaya shi ne Fasto Franz Hildebrandt, wanda 'yan sandan Hitila suka taɓa kamawa a 1937 kafin ya tsere. Bell ya tafi da ƙafarsa sansanin Huyton da tsibirin Man, ya gani da idonsa, a Agusta ya tsaya a Majalisar Dattawa ya faɗa wa gwamnati gaskiya. Wata 'yar Majalisa mai suna Eleanor Rathbone ita ma ba ta yi shiru ba. Gwamnati ta soma sakin mutane, kafin ƙarshen 1941 an saki yawancinsu. Bell bai goyi bayan Hitila ba, bai kuwa raina ikon gwamnatinsa ba. Ya tuna mata ne da iyakar takobinta, wannan kuwa aikin Ekklesiya ne.

MU FA?

Wannan al'amari ya taɓa ekklesiyoyin Afirka ta Yamma kai tsaye. A ƙarshen 1917 gwamnatin Gwalkwas, wadda a ke kira Ghana yanzu, ta kama Jamusawa masu aikin bishara na Mishan Basel ta fitar da su, ekklesiyoyinsu suka zauna kamar marayu har masu bishara na Sikotilan suka zo a 1918. Dokta Karl Kumm kuma, wanda ya kafa Mishan S.U.M., ya kuwa iso Wase a 1904 da abokansa uku, haifaffen Jamus ne. Da yawa daga cikinmu mun sha ruwa daga rijiyar da Bajamushe ya taimaka wajen haƙa ta.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu da ko yaƙi ba a yi ba mun san ɗacin wannan abu. A Nuwamba 1969 gwamnatin Ghana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, mutanen zango da yawa suka bar gidajen da aka haife su a ciki. A Janairu 1983 Nijeriya ita ma ta kori baƙi masu ɗimbin yawa. A garuruwanmu kuma, ranar da rikici ya tashi, tambayar farko da a kan yi wa mutum ita ce, kai ɗan ina ne?

Saboda haka, 'yan'uwa, mu shirya zukatanmu tun ana zaman lafiya, gama ranar tsoro ba ranar koyon adalci ba ce. In jita-jita ta zo a kan wata kabila ko wata ƙasa, mu tambaya, wa ya gani, me kuwa mutumin nan ya yi? In an kama maƙwabci saboda asalinsa, dattawan Ekklesiya su je su gan shi, su ba da shaidar halinsa gaban hukuma, mata masu zumunta su kula da iyalinsa, kada kuwa ɗayanmu ya sayi kayansa da arha ko ya shiga gonarsa. Ko shi mai bi ne ko ba mai bi ba ne, maƙwabcinmu ne. Mu riƙa yin addu'a domin masu mulki, gama kayansu yana da nauyi, Allah ya ba su ƙarfin hali su riƙe alkawari ranar da riƙonsa ya ke da wuya.

Mu tuna kuma da abin da Bulus ya koya wa Afisawa cikin sura ta 2. Dukanmu dā bare ne, har ma abokan gaba, ba mu da rabo cikin jama'ar Allah. Yesu Kristi ya saya mana zama 'yan ƙasa da jininsa, bai kuwa taɓa karɓe takardar ba, ko a ranar da muka ba shi dalili. Wanda aka yi wa irin wannan alheri, da wane ido zai dubi baƙon da ke ƙofarsa? Ubangiji ya taimake mu. Amin.